Ɗakin karatun yara a Maraɗi: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Wannan rubutu na matan zumuntarmu ne na gida, su da suka tara kuɗin aikin, don su riƙa ganin inda kowane sisi ya shiga, su kuma san abin da za su sa a addu'a.

Ni malamar firamare ce daga ƙasar Malumfashi. Na ɗauki hutun da ba albashi na zo Maraɗi aikin sa kai a wata makarantar ikkilisiya da ke bakin gari. An ba ni ɗaki a gidan fasto, makaranta kuma na ba ni abincin rana. Yaran sun kai 300, galibinsu 'ya'yan Musulmi, kamar yadda ya dace da ƙasar da Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Aikin kashi biyu ne. Akwai wani tsohon sito a bayan ofishin darakta, mita shida da huɗu, za mu gyara shi ya zama ɗakin karatu. Sannan za mu koya wa yaran aji uku da aji huɗu, waɗanda a nan ake kira CE1 da CE2, karatu da Hausa.

Ga abin da ya sa. Makon jiya na zauna da yaran nan ɗaya bayan ɗaya, su 61. Na ba kowa shafin littafinsa na Faransanci. Da yawa sun rero shi tiryan-tiryan, har suna tsayawa daidai inda malaminsu ke tsayawa. Da na rufe layin sama da hannu na nuna kalma guda a tsakiya, sai shiru. Ashe hadda ce. Na rubuta "Inna ta dafa wake" a allo, tara ne kaɗai suka iya karantawa. Kuma ba rashin kai ba ne. Yarinyar da ta kasa waɗannan kalmomi huɗu ita ce ke sayar da gyaɗa a bakin ƙofa bayan an tashi, lissafin canji ba ya kuɓuce mata. Ana koya musu haɗa baƙi ne cikin harshen da ba su ji, sai aiki biyu ya hau kansu lokaci guda: gane rubutu da gane magana.

Kuɗin da kuka aiko naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. A wajen 'yan canji jika ɗaya, wato sefa dubu, ta kama naira 2,500, muka tashi da jika 480. Daga yau da jika zan riƙa ba ku lissafi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun kwashe sito ni da mai gadi da manyan yara. Karyayyun bencina, tsofaffin rijista, buhunan siminti da suka daskare suka zama dutse, da kunama biyu. Hazo ya sauko sosai, rana ba ta fito da kyau ba sai wajen goma.

Litinin, 20 ga Janairu

Birkila ya duba, mun shirya a kan jika 60: ya gyara gindin bango, ya zuba daɓe, ya yi shafe. Na ba shi kafin alƙalami jika 25. Siminti buhu 18 a kan sefa 3,250 kowane, jika 58 da rabi ke nan. Darakta ya ce mun zo a sa'a, don bayan ambaliyar bara gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba, da kafin nan ne da kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. Yashi da tsakuwa a amalanken jaki, jika 24. Saura jika 372 da rabi.

Kowace safiya kafin a buga ƙararrawa malamai Kirista kan taru a ofis mu yi addu'a ta minti goma. Malamanmu Musulmi su biyu kan zauna a inuwa su sha shayi har mu gama, sannan mu shiga aji tare. Haka na tarar ana yi, kuma ban ga wanda abin ya dama ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau aiki ya tsaya. Birkila ya fara sassaƙe tsohon shafen bangon gabas, sai laka ta riƙa zubo masa a ƙafa. Bangon na ƙasa ne aka lulluɓe da siminti, ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki, ya jiƙe daga ciki, ya bushe, ya zama gari. Ya tura ƙarfe ta gefe guda ya fito ta ɗaya gefen ba da wani ƙarfi ba. Ya ce, "Malama, in kin ce in shafe zan shafe, amma ni ba zan sa ɗana ya zauna a gindin wannan bango da damina ba." Magana ta ƙare ke nan.

Duk wanda ke nan a watan Agustan 2024 yana da labarin ruwan. A faɗin Nijar mutum fiye da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma jihar Maraɗi na cikin inda ya fi ɓarna. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, don akwai azuzuwan da suka rushe, akwai waɗanda mutanen da gidajensu suka faɗi ke kwana a ciki. Shi ya sa malamai ke ta gudu da manhaja yanzu.

Rushe bangon da tayar da shi da bulo zai ci: bulo 220 jika 55, ƙarin siminti buhu shida jika 19 da rabi, ƙarin aiki jika 20. Jika 94 da rabi da ba ta cikin lissafi. Na kawo shawarar mu bar sito, mu kafa rumfar zana mu sa littattafai a akwatin ƙarfe. Darakta bai bari na kai ƙarshen maganar ba. Ya ce a watan Nuwamban 2021 a garin nan gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta, yara fiye da 20 suka mutu, kuma shi yana cikin waɗanda suka je jana'iza. Ya ce muddin yana darakta ba yaron da zai zauna cikin kara a makarantar nan. Ban sake tayar da zancen ba.

Za a rushe gobe. Saura jika 278, kuma birkila na bin mu 35. Kantoci huɗu da na yi niyya sun koma biyu, fenti kuma ya fita.

Laraba, 29 ga Janairu

Ba za mu jira gini ba. A makarantarmu ba a dawowa aji ranar Laraba da yamma, don haka muka ɗauki Laraba da yamma da Asabar da safe. Yau muka fara a ƙarƙashin bedi, da allo jingine a jikin itace. Yara 52 suka zo. Wasula biyar kawai muka yi, sai ba, be, bi, bo, bu. Kowa na rubutawa da yatsa a ƙasa kafin ya taɓa alli.

Yau ne kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Mama, matar fasto, ta tambaye ni ko abin zai taɓa zamana. Ƙasashen uku sun riga sun faɗa tun Disamba cewa 'yan ƙasashen ƙungiyar za su ci gaba da shigowa ba biza. Duk da haka Baba Fasto ya ce kada in fita ko ƙofar gida ba da takarduna ba. Abin da ya fi damuna shi ne kwalayen littattafai da ke Katsina. Ban manta an rufe iyakar nan bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sujada da Hausa ake yi, wani matashi na juyawa zuwa Faransanci saboda 'yan Benin da Togo da ke aiki a gari. Waƙoƙin namu ne na gida, kiɗan tulun zumuntar mata ma iri ɗaya. Sai dai ba mu da yawa, kowa ya san wanda bai zo ba.

Bayan an tashi na zauna da wani dattijo mutumin Tsibiri. Ya ba ni tarihin da ya kamata mu na Najeriya mu sani: mishan ɗin SIM da ya haifi ikkilisiyar ECWA a wajenmu shi ne ya shigo Damagaram a 1924, daga baya ya zauna Tsibiri, ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Shi kansa da Hausa ya koyi karatu a hannun 'yan mishan, kafin ya san kalma ɗaya ta Faransanci. Da na gaya masa abin da muke yi, sai ya ce, "'Yata, ai tsohuwar hanya kika dawo da ita." Ya yi alkawarin zuwa ya yi wa yara tatsuniya.

Kewar gida ta fi kama ni ranar Lahadi da yamma. Ku riƙa kira.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Matsalar da ban taɓa gani a ajina na gida ba: yaran nan sun riga sun san haruffa da muryar Faransanci. Suna ganin u sai su tsuke baki, don abin da mu muke rubutawa u su da ou suka san shi. Suna ganin c sai su ce k ko s, "ci" ya koma "si". Sh ɗinmu kuwa su ch suka sani. Ga kuma ɓ, ɗ, ƙ da ts da ba su taɓa gani a takarda ba, ko da yake da su suke magana tun suna goye. Na yanke kwali na yi katuna kala biyu, ja na Hausa, shuɗi na Faransanci, in na ɗaga ja kowa ya san da wane baki zai karanta. Ya taimaka ƙwarai.

Malamin CE2, wanda yara ke kira Mushe, bai gamsu ba, kuma ya faɗa mini a fuska. Ya ce iyaye kuɗi suke biya don 'ya'yansu su ji Faransanci, jarrabawa da Faransanci ce, kuma yana tsoron in rikita masa yara ranar shifta. Damuwarsa gaskiya ce. Na ce masa, "Malam, ka ba ni zuwa Ista. In shiftarsu ta lalace ni da kaina zan tsayar." Ya yarda. Shi ne ma ya gaya mini cewa ba baƙon abu ba ne a ƙasar: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara wa yara da Hausa kafin Faransanci, kuma cibiyar INDRAP a Yamai ta daɗe tana buga littattafan harsunan gida. Ya ce yana da tsohon kwafi na koyon baƙi, zai nemo mini.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Bango ya tashi, daɓe ya bushe. Na cika wa birkila jika 35. Kwano shida da ƙusa jika 36. Ƙofa da taga biyu wajen mai walda jika 62. Saura jika 145.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Littattafai sun iso, Allah mun gode. Kwali biyar, wani direba ɗan ikkilisiya ya ɗauko su ta Jibiya da Ɗan Isa, da rana tsaka, don hanyar ba ta tafiyar dare ba ce. Kuɗin mota da abin da aka kashe a hanya jika 15. A ciki akwai 412. Da na tantance, na Hausa da yaro ɗan shekara takwas zai iya ɗauka 70 ne kacal. Sauran Turanci ne, ko kuma Hausar manya mai ƙananan baƙaƙe ba hoto. Ban faɗi haka don in rage godiya ba, sai don masu tarawa nan gaba su sani: siriri mai manyan baƙaƙe guda ɗaya ya fi mana amfani a kan masu kauri goma.

Wani ɗan bambanci: inda littattafan Zariya ke rubuta 'y, na Nijar ƴ suke sawa. Na nuna wa yara duka biyun, ba su ɗauke shi komai ba.

Kafinta ya zo da farashin kantocin katako mai sauƙi, amma mai gadi ya ja ni ya nuna mini bayan ƙofar ofis inda gara ta gina hanya har rufi. Na koma wajen mai walda. Kantocin ƙarfe biyu jika 56, ƙafafunsu za su zauna cikin gwangwanayen da aka zuba baƙin mai, kuma ba za su jingina da bango ba. Tabarmi takwas jika 16, farar ƙasa jika 6. Saura jika 52.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun shiga ɗaki. Ba wani biki, Baba Fasto ya yi addu'a da safe kafin yara su zo, shugaban iyayen yara kuma ya zo da yamma ya sa albarka. Dokoki uku: a wanke hannu, a cire takalmi, littafi ya kwana biyu ya dawo. Na sa manyan yara biyu na aji shida, wato CM2, su riƙa rubuta aro. Randa da moɗa da sabulu jika 5, ledar rufe bangon littattafai jika 4. Saura 43.

Laraba, 5 ga Maris

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun zuwana, kuma ina so ku karanta ta da natsuwa.

Da hantsi wani Alhaji, ɗan kasuwa, mahaifin wani yaro na CE1, ya zo ofis riƙe da littafi a cikin leda. Labarin haihuwar Yesu ne mai hotuna, daga kwalin da wata makarantar Lahadi ta haɗa. Yaron ya are shi ranar Asabar saboda hoton raƙuma. Alhaji bai ɗaga murya ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, na san makarantar Kirista ce, ido buɗe na kawo shi. An gaya mini ana addu'a da safe, wanda ba addininsa ba ya tsaya shiru, na yarda. Amma ba wanda ya ce mini za a aiko da wannan cikin gidana, kuma da harshen da uwarsa da ƙannensa ke ji." Na ce, "Ranka ya daɗe, maganarka a kan hanya take." Darakta ya ba shi haƙuri, ya karɓi littafin. Alhaji ya ce yaron zai ci gaba da zuwa aji, amma ya fita daga karatun Laraba da Asabar. Kafin yamma iyaye uku sun aiko da irin wannan saƙo.

Mun zauna da darakta da Baba Fasto har bayan magariba. Abin da muka tsayar: littattafan Littafi Mai Tsarki, guda 38, sun koma kabad ɗin makarantar Lahadi a coci. Yaron da iyayensa suka zo da ƙafarsu suka nema, a ba shi. An rubuta sunan duk littafin da ke ɗakin karatu an manna a ƙofa, kowane uba na da izinin shiga ya duba.

Na san a cikinku akwai wadda za ta ce mun ja da baya, mun rufe ƙofar da Ubangiji ya buɗe. Ban ga haka ba. Mutumin nan amanar ɗansa ya ba mu bisa sharuɗɗan da aka faɗa masa. In muka bi ta bayan sharuɗɗan, ta hannun yaro ɗan shekara takwas, to mun koya wa unguwa duka cewa maganar Kirista ba abin riƙewa ba ce. Ban ɓoye bangaskiyata ga kowa ba, duk wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa na bar albashi na zo nan ina gaya masa saboda Yesu ne, kuma iyaye mata sun sha tambaya. Amma babba nake gaya wa, a fili. Baba Fasto ya tuna mana cewa a Janairun 2015 an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, a 2019 kuma an ƙona ɗaya a nan Maraɗi, kuma a irin waɗannan ranaku maƙwabcin da ya yarda da kai shi ke tsaya maka a ƙofa. Ni ko ba don wannan ba ma, abin da ya dace ke nan.

Na yi kuka da dare, saboda yaron na cikin masu saurin kamawa.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage mana yara. Yau 33. 'Yan mata da yawa suna gida wajen daka da tallan ƙanƙara da ƙosai kafin shan ruwa. Mun mayar da karatun Laraba ya zama minti arba'in, na Asabar kuma ƙarfe bakwai da rabi kafin rana ta yi zafi. Ni ma na daina cin abinci da shan ruwa a gaban yara, sai na shiga ofis.

Ga kuma wahalar fetur. Layi a gidajen mai ya kai inda ido ba ya gani, masu sayarwa a kwalba sun ɓace, waɗanda suka rage kuma sun ninka kuɗi. A gidan mai lita sefa 499 ce in ka samu. Mushe ya yi mini bayani: shekara da shekaru yankin nan da man Najeriya mai arha da ake shigowa da shi ta bayan fage yake rayuwa. Tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023 wannan hanya ta ƙafe, kowa ya koma kan man matatar Damagaram, ita kuwa ba ta isar ƙasar duka. Kuɗin kabu-kabu ya ninka, malama ɗaya da ke zaune can ƙetaren gari da ƙafa take zuwa.

Asabar, 15 ga Maris

Tunda littattafan da suka dace ba su da yawa, mun fara yin namu. Dattijon Tsibiri ya cika alkawari, ya zo ya yi tatsuniyoyi uku na Gizo da Ƙoƙi. Yara suka sake faɗa da bakinsu, ina rubutawa a allo da gajerun jimloli, su kuma suna gyara ni in na sa kalmar da ba tasu ba. Maza suka nace sai an yi na kokawa, muka yi labarin wani yaro da ya ka da wanda ya fi shi girma. Wata yarinya ta ba da labarin ranar da ruwa ya shiga gidansu suka kwana a makaranta. Wannan ban taɓa ko kalma ɗaya a ciki ba.

Labari shida, kowane shafi takwas, yaran CM2 suka zana hotuna. Bugawa da kwafi 20 na kowane a shagon kwamfuta, jika 30. Sai da aka sha wuya kafin a samu ƙ da ɗ da ɓ a na'urarsu, a ƙarshe daga wayata na tura. Saura jika 13.

Lahadi, 23 ga Maris

Ranar Juma'a 'yan bindiga sun kashe mutum 44 a masallaci a ƙauyen Fambita, can yammacin ƙasar, suna cikin salla, cikin azumi. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Yau a coci Baba Fasto ya ajiye wa'azin da ya shirya, muka yi addu'a domin iyalansu da ƙasar. Da yamma muka bi shi ni da Mama muka yi wa limamin unguwa jaje.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi salla lafiya, makaranta na hutu. Kwanukan abinci sun cika gidan fasto har ba wurin ajiyewa. Ɗaya daga gidan Alhajin nan ya fito, ɗansa ne ya kawo, da gaisuwa ga Malama. Bai ce komai a kan karatu ba, ni ma ban tambayi yaron ba. Na yi amfani da hutun na rufe bangon littattafai da leda.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zancen da ya cika ofis yau: sabon kundin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da sauransu an kira su harsunan da ake magana da su. Shugaban iyayen yara ya zo da fara'a yana cewa ashe mun riga gwamnati. Wata malamarmu Bazabarma kuwa ranta bai yi daɗi ba, ta ce a da duka harsunan ƙasa ake kiransu, yanzu an fifita ɗaya. Na fahimce ta, kuma ban ga dalilin yin murna a gabanta ba. A aji dai ba abin da ya canja, manhaja da jarrabawa suna nan da Faransanci.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne yara biyar da ba Hausa ake yi a gidajensu ba, uku Fulani, biyu Buzaye. Suna jin Hausar wasa da kasuwa, amma uku daga cikinsu na cikin waɗanda ke baya. Hujjar da na kawo a kan Faransanci ta hau kaina a nan. Na roƙi mai gadi ya riƙa zama da Buzayen biyu yana faɗa musu ma'anar labari da harshensu kafin mu karanta.

Biyu daga cikin yara huɗun da aka janye sun dawo, bayan iyayensu mata sun shigo sun duba kantoci.

Laraba, 16 ga Afrilu

Gwaji na biyu, irin na Janairu, da sabuwar jimlar da ba su taɓa gani ba. Yara 54 suka zauna. Bakwai da babu: biyu da aka janye, 'yan mata huɗu da ba su dawo ba tun azumi, da yaro ɗaya da ke kwance asibiti, ana zaton sanƙarau ne, ku sa shi a addu'a.

Waɗanda suka karanta jimla suka kuma faɗi abin da take nufi: 31. A Janairu tara ne. Masu haɗa gaɓa amma ba su kai jimla ba: 15. Waɗanda har yanzu suna kan haruffa: 8. Mai gyaɗa tana cikin 31, ta karanta labarin ambaliya daga farko har ƙarshe tana bin layi da yatsa.

Mushe ya kawo makin shiftarsa ba tare da na tambaya ba. Makin bai sauka ba, ya ɗan ɗaga. Akwai yaran da suka rubuta masa u a wurin ou, ya nuna mini su da jan biro. Amma ya ce abin da ya lura shi ne yanzu in sun ga sabuwar kalmar Faransanci suna ƙoƙarin fasa ta gaɓa-gaɓa, da kuwa sai su zuba masa ido. Ya ce a ci gaba, kuma yana so ya riƙa zama a ajin Asabar.

Takwas ɗin nan su ne damuwata. Biyu ina zargin ba su gani sosai, don sai sun matso har jikin allo.

Talata, 22 ga Afrilu

Mun yi Ista lafiya. Mama ta dafa shinkafa da kaji, muka rarraba wa maƙwabtan da suka aiko mana da salla.

Zafi ya kai inda ɗakin ba ya zaunuwa daga sha ɗaya na safe, kwano na zubo wuta, ma'auni na wuce 40 kullum. Mun koma ƙarƙashin bedi da yamma, ɗakin kuma sai aro da safe.

Lissafi: an karɓi jika 480, an kashe 467, saura 13 a hannun ma'ajin makaranta. Rasit duka suna wajena, na ɗauki hotonsu na tura wa shugabar zumunta.

Abin da ke gaba kafin damina, bisa farashin da na tambayo: silin na tabarma a ƙarƙashin kwano jika 35. Faifan sola ɗaya da batir da fanka biyu jika 150. Magudanar siminti a gindin bangon gabas don kada ruwa ya sake kwanciya, jika 25, kuma wannan ce ta fi gaggawa, ina so a gama ta kafin ƙarshen Mayu. Sabbin labarai goma jika 50. Kai yaran nan biyu a duba idonsu, in iyayensu sun yarda, za mu ji kuɗin a can.

Daga Asabar mai zuwa Mushe da malamar CE1 za su fara karɓar rabin darasi ina zaune a baya, don hutuna zai ƙare a watan Yuli. Gobe da yamma ni da Mama za mu bi gidajen 'yan matan nan huɗu mu ji abin da ya hana su dawowa.